Mai Fentin da Ya Yaye 'Ya'yan Kowa Ban da Nasa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. A safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayana, mai fentin motoci, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun ƙarshen bara. Ya cika a ɗakinsa, matarsa na riƙe da kofin ruwan da bai samu ya kurɓa ba. Kafin rana ta karkata an kai shi makwancinsa.

Yaya, da kai zan yi magana, don da kai na saba faɗa. Jama'a ta taru maka, ba laifi. Mutanen da ka koya wa sana'a sun zo daga nesa, wasu har da furfura, kowanne da ragowar fenti a gindin farce. Su ne suka ce in rubuta wani abu, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sha nono ɗaya da kai, kuma ni ce na zauna a shagon sayar da fenti a bakin ƙofar garejinka tun ina ɗaga galan da hannu ɗaya har yau da sai an ɗaga mini. Sun ce in faɗi alherinka. Zan faɗa, don akwai shi, ba kuma kaɗan ba. Amma su suka miƙo mini alƙalami, ba ni na roƙa ba, kuma sun san bakina. Kana raye na faɗa maka abin da zan faɗa a nan, ka ce in koma shago. To na koma, yau ga shi na fito.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka fenti fenti ne, a buɗe gwangwani a fesa, shi ke nan. Ina! Motocin yanzu rabi ƙarfe ne rabi roba. Ƙofa da bonet ƙarfe, bamba ta gaba da ta baya roba, haka faffaɗar robar nan da ke bin gindin ƙofofi tana kewaye bakin taya. Ka ɗebo fenti daga gwangwani ɗaya, ka fesa wa ƙarfe, ka fesa wa roba, wuni ɗaya da hannu ɗaya, su bushe ka fito da su rana, sai ka rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba. Roba ba ta karɓar fenti yadda ƙarfe ke karɓa, ba ta bushewa tare da shi, ƙyallin da ke cikin fentin ma kwanciyarsa daban a kanta. Ko sabuwar mota fil, in ka tsuguna ka duba inda bamba ta haɗu da ƙarfen gefe, sau da yawa za ka ga ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu. Yawancin masu mota ba su damu ba. Kai ka damu, kuma a kan wannan siririn layin da roba ta haɗu da ƙarfe ka gina sunanka.

Ba ka yarda da hasken ƙwan lantarki ba, kakan ce maƙaryaci ne. In an gama aiki sai a turo motar tsakar gareji da hantsi, a goge ta tas. Ka fito daga ɗakin haɗa fenti kana share hannu, kowa ya yi tsit, har mai walda sai ya kashe wutarsa. Ka zagaya ta, ka tsuguna a kusurwa, ka kwantar da kumatu kusan a jikin ƙarfen, ka runtse ido ɗaya ka bi layin da kallo. Ka tashi ka koma ɗaya ɓangaren, rana a bayanka, ka sake. Daga nan ɗayan biyu ne. In aiki ya yi, ka buga bonet da tafin hannu ka ce, "Ya yi. A fitar da ita." In bai yi ba, ba ka ɓata bakinka. Ka zaro sukudireba daga aljihun gaba, ka ɗora bakinta a kan sabon aikin, ka ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ƙarar nan, ƙiiii, har yau in na tuna sai haƙorana sun yi tsami. Kowa ya san ma'anarta: a kankare, a goge da samfefa, a sake daga farko.

Bari in ba ka haƙƙinka. Na tuna wata baiwar Allah da ta shigo tana kuka wiwi, ta goga motar mijinta da ginshiƙin ƙofar gida, shi kuwa ya yi tafiya, yana hanyar dawowa, kuma ga alama ba mai sauƙi ba ne. Motar ruwan azurfa ce, launin da ya fi kowane tona asiri. Ka ture aikin wasu manyan mutane gefe, ka ce mata ta shiga shagona ta sha ruwa. Ka yanko guntun tsohuwar roba kana gwada haɗi a kai, ɗigon baƙi, ɗigon shuɗi, ka fesa ka kai jikin ƙofa ka duba, ka dawo ka ƙara. Da aka gama, ita kanta ta zagaya motar ta kasa nuna inda ta goge. Ka ƙi karɓar komai, ka ce ta je ta koyi ribas. Shekaru bayan haka mijin ya kawo motar da kansa yana alfahari wai fentin kamfani ne, ba a taɓa taɓa ta ba. Ka ce masa, "Ai da gani." Na shige bayan kanta na toshe baki don kada dariya ta fito.

Direbobin haya da yawa sun ci abinci saboda kai. Ba a taɓa kawo maka ɗan wani ka ce wuri ya cika ba. Akwai wanda hannunsa ke rawa in ya riƙe bindigar feshi, ka tsaya a bayansa ka kama wuyan hannunsa kuna kaiwa da komowa tare, kullum, har hannun ya zauna. Ka kafa ƙa'ida a garejinka wadda ta bazu cikin masu sana'ar: ba a yaye mai koyo sai ya fesa roba ta saje da ƙarfe, shi kaɗai, daga haɗi har gogewa, ka tsuguna ka duba ka ce ya yi. Ranar da ka buga wa mutum bonet, ka ba shi sabuwar bindigar feshi, ka raka shi har bakin ƙofa. Daga ranar ya zama mai fenti, duk inda ya je ya ce kai ka yaye shi, ba a ƙara tambayarsa komai. Waɗanda suka cika ƙofar gidanka suna sharar hawaye, gaskiyarsu, ka yi musu rana.

Sai dai, Yaya, inuwar giginya ka yi, na nesa ka sha. Ɗanka na fari, ɗaya tilo namiji da Allah Ya ba ka, ya shigo garejin nan tun kafin gemu ya fito masa, yau gemun ya fara fari, kuma har ka kwanta jinya ba ka yaye shi ba. A gareji ba wanda ke kiransa da sunan da aka raɗa masa. Samfefa ake ce masa. Kai ka fara, ranar da ka ce wa wani baƙo, "Wancan ba mai fenti ba ne, samfefa ne, aikinsa goge abin da ya ɓata." Yara suka ɗauka, masu mota suka ɗauka, har ta kai 'ya'yansa in an tambaye su a unguwa sai a ce 'ya'yan Samfefa. Ni ban taɓa kiransa da shi ba, kuma yanzu ma da na rubuta sai da hannuna ya yi nauyi.

Ina wurin ranar gwajinsa na farko. Wata jar mota ce, ja mai duhu kamar na cikakken tumatir. Ya yi kwanaki a kanta ba ya ko zaman cin abinci. Da aka turo ta rana, mai walda da ya ga aiki iri-iri ya leƙa ya ce, "Kai, ɗan nan ya gaji ubansa." Ka ji shi, na ga kunnenka ya motsa. Ka tsuguna, ka daɗe, ka daɗe fiye da yadda ka taɓa daɗewa a kan wata mota. Ka koma ɗaya ɓangaren ka sake daɗewa. Yaron yana tsaye da tsumma a hannu yana murmushi, don ya san abin da ya yi. Sai ka zaro sukudireba. Da ƙarar ta ƙare ka miƙa masa samfefa da hannunka, ba ka ko dube shi ba. Muka ce tarbiyya ce, uba ba ya son a ce ya yi wa nasa sauƙi, gaba zai wuce.

Gaba ta zo, ta sake zuwa, shekara na bin shekara. Waɗanda suka shigo a bayansa, shi ya koya musu riƙon bindiga, shi ya nuna musu yadda ake rage iska in an zo kan lanƙwasar roba, shi ya sa musu ido a haɗi. Ka buga musu bonet ɗaya bayan ɗaya, shi ke ɗauko sabuwar bindigar daga shagona ya miƙa maka ka miƙa musu. Ya tafa musu, ya raka su bakin ƙofa, ya dawo ya tsuguna a gaban bokitin ruwa da samfefa. Yatsunsa sun goge har babu zanen fata a jikinsu, sumul kamar na wanda ya ƙone. Wallahi in na kama hannun nan sai raina ya ɓaci.

Kada wani ya ɗauka motocin da ya fesa ba sa fita. Suna fita, su ne ma suka riƙe garejin. Dabararka ita ce: ya fesa, ka karce, ya kankare ya sake, sai ka karɓi bindigar ka ɗan hura iska-iska a kusurwa ɗaya, abin da ko ƙuda ba zai jiƙa ba, ka ce wa mai motar, "Na gyara masa." Aiki nasa, suna naka. Da ƙarfinka ya fara raguwa ka daina ko hurawar. In ya sake bayan karcewa sai ka kaɗa hannu ka juya baya ka ce, "A ba mai ita, ya gaji da jira." Duk wata magana kana iya faɗa, ban da waɗancan kalmomi biyu.

Abin da ba zan yafe da sauƙi ba shi ne ranar motar surukin ɗanka. Uban matarsa, dattijo mai kunya, ya kawo motarsa musamman don a ce mijin 'yarsa ne ya gyara. Ya zo ɗauka da shiga ta mutunci, ya kawo jikokinsa, wato jikokinka, su ga aikin babansu. Farar mota ce, an sa mata sabuwar robar gefe, ta fito kamar a lashe. Na ce a raina yau dai ko don idon suruki za ka bari. Ka gaisa da dattijon faran-faran, ka shafa kan yaran, ka tsuguna, ka tashi, ka karce ta tun daga taya ta gaba har ta baya. Ƙaramar ta fashe da kuka tana cewa Kaka ya ɓata motar. Ka ce mata, "Ba ni na ɓata ba, babanki ne, ni nunawa kawai na yi." Dattijon ya sunkuyar da kai ya ja jikokinsa ya tafi a ƙafa. Ɗanka ya je ya ɗebo ruwa a bokiti.

Ranar na bar shago a buɗe na biyo ka ɗakin haɗa fenti. Na ce, "Yaya, kai wane irin uba ne? Me yaron nan ya tare maka?" Ka ci gaba da juya fenti da sanda ka ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na ce rimin nan dai ya daɗe a kansa, har ya haihu a can. Ka ce, "Ɗan wani in ya ɓata aiki, sunan ubansa ya ɓata. Wannan in ya ɓata, nawa ne. Koma shago, ana jiranki." Na fito ina huci, kai kuwa ko a jikinka.

Na sha gaya wa yaron ya tafi. Na ce ga bindiga a shagona, ya zaɓi wadda ta fi tsada, ya je ya buɗe nasa. Matarsa ta gaya masa, abokansa sun gaya masa. Amma ina zai je? Ƙa'idar da ka kafa ta riga shi zuwa ko'ina. Duk garejin da ya shiga, tambayar farko ita ce wa ya yaye ka, kuma kowa ya san uban da ya yaye 'ya'yan duniya ya duba aikin nasa ya karce. Shi ma kansa ba ya son tafiya haka. Yakan ce, "Gwaggo, saura kaɗan. Wannan karon na gane inda nake kuskure." Babu inda yake kuskure. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wannan ya dafa, ya dafa, itace ya ƙare, dutsen na nan yadda yake.

Da ciwo ya kwantar da kai, muka ga jikin ba na tashi ba ne, na zo na zauna a bakin gadonka. Ban yi faɗa ba a ranar, roƙo na yi. Na ce ka sallami ɗanka kafin a sallame ka, kada ka tafi da kalmar nan a bakinka, ba ta da amfani a inda za ka. Ka rufe ido har na ɗauka barci ya kwashe ka. Can ka ce, "Ya kawo mota." Na fita da gudu, da tsufana, na kai masa labari. Mutum mai furfura a gemu ya zauna a kan tsohuwar taya ya rufe fuska da hannu.

Bai zaɓi mai sauƙi ba. Ya ɗauki wata farar mota mai ƙyallin lu'ulu'u, irin farin da ke sauya fuska in ka matsa taku ɗaya, wadda aka sauya mata bamba da duk robar gefe. Masu fenti da yawa in sun ga irinta sai su ce a kai wani wuri. Ya tara guntayen roba yana gwaji, ya fesa ya fita rana, ya dawo ya zubar ya sake haɗawa. Na ga aikinka lokacin da kake ganiyarka, Yaya, na kuma ga wannan. Ido ba mudu ba, ya san kima. Ba ka taɓa yin kamarsa ba.

Da hantsi ya tuƙo ta a hankali ya ajiye a ƙofar gidanka, ya fito yana goge ta da tsumma. Labari ya bazu, tsofaffin yaranka da yawa sun rufe garejinsu sun zo su ga ranar da za a yaye malaminsu na gaskiya. Matarsa da 'ya'yansa na tsaye a bakin zaure. Ni kuma na zo da sabuwar bindiga a cikin kwalinta. Ana cikin haka mai allura, wanda ke zuwa duba ka kullum, ya iso da tasa motar ya faka a gaban ta ɗanka. Ita ma fara ce, ko in ce ta taɓa zama fara. Wani mai fentin bakin titi ya shafa wa bambarta wani abu da ya koma rawaya-rawaya kamar haƙorin mai cin goro. Daga tsallaken titi yaro ma zai nuna maka bambancin.

Aka fito da kai a kan kujera. Da aka sauke ka, mutum biyu suka kama ka za su kai ka wurin motar, sai ka fizge hannu ka ce, "Ku sake ni. Ni da mota sai an yi mini jagora?" Suka sake ka. Ka taka da kyar, kana jan ƙafa, ka wuce ta gaban ɗanka, ka nufi motar mai allura. Muka ɗauka jingina za ka yi ka huta. Sai muka ga ka dafa ta ka tsuguna a kusurwa. Ka kwantar da kumatu a jikin ƙarfen, ka runtse ido ɗaya, ka bi layin da kallo. Aka taimaka maka ka koma ɗaya ɓangaren, ka sake, a natse, kamar yadda ka saba. Ka miƙe, ka buga bonet ɗin da tafin hannu, ka ɗaga murya yadda kowa zai ji ka ce, "Ya yi. A fitar da ita. Wannan ko ni sai haka."

Mai allura, da bai san dawan garin ba, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan tawa ce." Wani ya taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Na ga fuskarka. Ka juya kai hagu, ka juya dama, kana neman ɗaya motar, ga ta kuwa kusa da kai tana walƙiya a rana. Ba ka ce a kai ka wurinta ba. Ba ka ce ɗana ina kake ba. Ka ce, "Na gama magana. Ku mai da ni ciki, rana ta dame ni." Ɗanka ne ya fara kama kujerar. Na ji shi da kunnena ya ce, "Na gode, Baba." Jama'a ta watse ɗaya-ɗaya, kowa na kallon ƙasa, na koma shago da kwalin yadda na zo da shi.

A ranar na tsare matarka a kicin, sai da ta yi kuka sannan ta faɗa. Ashe yanar ido ta daɗe da rufe maka gani, tun kafin motar suruki. Likitan ido ya ce aiki ne mai sauƙi, a cire a huta. Ka ƙi, wai kada a ji an taɓa idon da gari ke rantsuwa da shi, ka kuma sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Fari da rawaya duk ɗaya suke a wurinka, shuɗi da toka haka. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa a shekarun baya-bayan nan, kafin ka tsuguna, sai ka tambaya, "Aikin wa?" In an ce na wane, ka buga bonet. In an ce na ɗanka, ka laluba aljihu. Shekara da shekaru kana karce abin da ba ka gani, shi kuma yana kankarewa yana neman kuskuren da babu.

Wasu a zaman makoki suna cewa a yi maka uzuri, larura ce. Na ji. To kafin yanar fa? Ranar jar motar nan idonka garau yake, babu mai irinsa. Ka gani sarai, shi ya sa ka daɗe a tsugune. Laifi kake nema ka rasa. Bari in faɗi sunan abin, tunda kowa na zagaye: hassada ce, Yaya. Ka ga ɗan cikinka ya wuce ka tun bai kai rabin shekarunka ba, zuciyarka ta kasa ɗauka. 'Ya'yan wasu ka yaye su da murna don ka san babu wanda zai kamo ka a cikinsu. Shi kaɗai ka ji tsoro, shi kaɗai ka ɗaure a gindin bokiti. Ka rayu kwanaki bayan abin da ya faru a ƙofar gida, bakinka na magana, ka nemi shayi, ka nemi a juya maka matashi, ka yi wa mai allura faɗa. Ɗanka ke ɗaga ka, shi ke wanke ka. Ko sau ɗaya ba ka ce a sake kawo motar ba.

Bayan an yi jana'iza na sami ɗanka a gareji shi kaɗai, zaune a gaban farar motar, mai ita bai zo ɗauka ba tukuna. Na ce masa, "Ɗana, na ga aikin nan, kowa ya gani. Ya yi, wallahi ya yi." Ya ɗago ya dube ni, ba hawaye a idonsa, ya ce, "Na sani, Gwaggo. Tun ta farko na sani. So nake ya faɗa." Ya juya ya dubi motar ya ce, "Ya kuma faɗa. Motar ce ba tawa ba."

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maka, ba shi da kowa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane ya tarbe shi. Ni ƙanwarsa ce, tare muka tashi, ya goya ni, ya tare mini faɗa, kuma duk da abin da na rubuta ina kewarsa har cikin ƙashina. Ya Allah, in Ka zo duba aikinsa, kada Ka duba da irin idon da ya duba na ɗansa.

Ina miƙa ta'aziyya ga matar yayana, Allah Ya sauke mata nauyin rantsuwar da aka ɗora mata. Ga 'ya'yansa mata da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ga waɗanda ya yaye, ku yi masa addu'a, ku kuma tuna wanda ya koya muku, ku daina kiransa da sunan nan. Kai kuma ɗana, ban san irin haƙurin da zan ba ka ba, don ka fi mu duka saninsa. Ba zan ce ka yafe yau ba. In ka iya wata rana, ka yafe, don ubanka yanzu yana inda shi ma kalma ɗaya yake jira, kuma a bakinka take. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu ƙarshen.